Kujerar Ofis Aro Ce: Kira Ga 'Ya'yanmu Mazauna Birane



Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ke Kano, Kaduna, Abuja da Legas ma'aikatan ofis ne. Muna taya ku murna, amma muna tunatar da ku cewa kujerar ofis aro ce. A ƙa'idar aikin gwamnati, akasarin ma'aikata kan yi ritaya idan sun cika shekara 35 suna aiki, ko shekara 60 da haihuwa. Mun ga abokan aiki da suka miƙa makullin ofis, washegari suka rasa inda za su dosa. Jinkirin fansho ya wahalar da su, amma zaman kashe wando ya fi saurin karya su.

A zamaninmu, ƙaro ilimi daga nesa sai da juriya. Malamin da ya shiga shirin Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, yakan jira littattafan darasi, ya sadaukar da ƙarshen mako da hutunsa wajen zuwa cibiyar karatu. Ku kuwa Allah ya sauƙaƙa muku. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, aka farfaɗo da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 2002, yau kuma ga darussan kiwon kifi, noman rani, haɗa wutar sola, har da tajwidi, duk a tafin hannunku.

Sai dai a yi hattara. Mai koyar da noma a YouTube bai san ƙasar fadamarmu ba, bai san lokacin saukar damina a nan ba. Abin da kuka gani a waya, ku kai shi gaban malamin gona ko gwanin sana'ar kafin ku zuba kuɗinku.

Roƙonmu guda ne. Kowa ya zaɓi sana'a ɗaya, ya ware mata awa ɗaya kullum daga lokacin da WhatsApp ke cinyewa. Idan kun zo hutun Sallah, ku tara matasanmu a makarantar firamare ku koya musu abin da kuka iya. Gemu ba ya hana ilimi, kuma wanda ya dawo gida da sana'a a hannu ba zai rasa abin tashi da safe ba.

Allah ya albarkaci garinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.