Jawabin Bikin Yaye Ma'aikatan Jinyar Ido: Labarin Wuya a Tambayi Ido



Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna wannan rana, wadda ta dace a ɗora wa masu fita aiki amanar wata cuta da ba kasafai ake ganinta ga yara ba, wato ciwon ido mai nasaba da tayirod, ƙullin naman nan da ke gaban wuya wanda sinadarinsa ke daidaita yadda jiki ke ƙona abinci. Likita Robert Graves na birnin Dublin ya bayyana cutar a 1835, sannan a 1840 Bajamushe Karl von Basedow ya haɗa alamominta uku: maƙoƙo, saurin bugun zuciya da fitowar ƙwayar ido.

Asalin lamarin shi ne garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta, takan juya kan mai ita, ta zuga tayirod ya yi aiki fiye da kima, ta kuma kumbura kitse da tsokokin da ke bayan ido, kuma da yake kwarmin ido ƙashi ne da ba ya buɗewa, sai ƙwayar ta turo waje, fatar ido ta janye sama. Cutar ta fi kama 'yan mata, musamman a shekarun balaga, kuma ta bambanta da maƙoƙon da ƙarancin aidin ke haddasawa.

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yarinyar da ta rame alhali tana ci, hannunta na rawa, karatunta ya ja baya, idonta kuma ya zaro, sau da yawa akan ɗauke ta mara kunya ko mai iskoki, alhali taɓa wuyanta, ƙirga bugun zuciyarta da gwajin jini sun isa su warware zance. Idan kuwa ido ɗaya ne ya fito, wajibi ne a gaggauta hoto domin kawar da zaton ƙari a bayan idon.

Abin farin ciki shi ne cutar ta fi sauƙi ga yara a kan manya, kuma da wuya ta danne jijiyar gani. Akan daidaita tayirod da maganin kabimazol, akan guji maganin propylthiouracil saboda illarsa ga hantar yara, akan ɗiga hawayen roba domin kada idon ya bushe, sannan a nesanta yaro da hayaƙin taba, ko da na wani ne, domin yana tsananta ciwon.

Waɗanda aka yaye yau su ne za su fara haɗa ido da irin wannan yarinya, kuma abin da ake fata shi ne su duba wuyanta kafin su sallame ta. Allah ya sa albarka a hannuwansu, ya mayar da kowa gida lafiya.