Idan Injin Gas Ya Ƙi Tashi

Jawabin wani bakanike ga 'yan ajin yaƙi da jahilci a Tudun Jukun, Zariya

 

Yau zan yi magana a kan ƙaramin injin gas. Shi ne ke yi mana niƙa a unguwa. Wasu na ba da ruwa da shi a fadamun Kubanni da Galma. Irinsa ne kuma ake ɗora wa wasu jiragen ruwa. Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, ya ƙera shi, ya fara aiki a 1897. Shi ya sa ake kiran mansa dizal.

Kun san yadda take. Da sanyin safiya mata sun jera kwanukan niƙa, inji ya ƙi tashi. Ko tumatir na jin ƙishi, mai lambu na ta juya handul har gumi ya jiƙa shi. To, kafin ka kira ni, akwai abin da za ka duba da kanka.

Injin gas ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sai a fesa mata mai, ya kama. Don haka abu uku yake so: mai, iska da zafi.

Da fari, cire bel. Kada ka ta da inji da kaya a kansa. Sannan ka juya, ka dubi hayaƙi. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isa. In fari ne, mai na isa amma ba ya kamawa.

Na ɗaya, mai. Leƙa tanki. A buɗe famfon yake? Ruwa ya fi gas nauyi, ƙasa yake kwanciya. Tsiyayo kaɗan a kwalba ka ɗaga. In ka ga ruwa, zubar da na ƙasan, ka wanke filta. In mai ya taɓa ƙarewa, iska ta shiga bututu. Sassauta notin kan filta, mai ya zubo har kumfa ta ƙare, sannan ka ɗaure.

Na biyu, iska. Ƙurar hunturu da garin niƙa suna toshe filtar iska. Ai mutum ma in an toshe masa hanci, ba ya gudu. Cire ta ka tsabtace.

Na uku, zafi. A Disamba da Janairu ƙarfe na yin sanyi ƙwarai. In injinka mai duron ruwa ne, zuba masa ruwan ɗumi. Ɗaga liba, ka juya har ya ɗauki gudu, sannan ka sake ta. In ka saki liba handul bai yi nauyi ba, ringi ko bawul sun cinye. Wannan aikin bakanike ne.

Kasa kunne kuma lokacin da kake juyawa. Nozul mai lafiya yana ɗan yin ƙara duk sa'ad da ya fesa mai.

Wani mai niƙa ya taɓa kira na. Ya sayi sabon nozul da kuɗin da ya ranto, inji bai tashi ba. Da na tsiyayo mai, sai ga ruwa. Ashe ganga ce ta kwana a buɗe cikin damina.

Ga gargaɗi. Kada ka zuba fetur a bakin iska, yana iya kama wuta ko ya fasa inji. Kada ka tara hannu a gaban nozul, feshinsa na huda fata. In ka kama handul, babban yatsa ya bi sauran yatsu, don in ya dawo baya kada ya karya shi. Babbar riga da rawani, a ajiye su gefe.

Tun da yanzu kun iya rubutu, kowa ya sami ɗan littafi. Rubuta ranar da ka canza baƙin mai da ranar da ka wanke filta. Ran da za ka zo wurina, ka zo da shi.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya ba mu sa'a.