Jawabi ga Ƙungiyoyin Sansani: Koyon Neman Tallafi ta Intanet



Ƙungiyoyinmu na mata da na matasa suna ƙoƙari, amma rashin kuɗi ya tsayar da wasu. Masu ba da tallafi ba sa sakin kuɗi don tausayi kawai. A rubuce suke son gani: mece ce matsalar, mutum nawa za su amfana, nawa za a kashe, wa zai riƙe lissafi.

Wannan rubutu koyonsa ake yi, kuma kyauta ne ta wayar hannu. Shafukan Kaya da DisasterReady suna da darussa da Turanci, Faransanci da Larabci. NonprofitReady yana koyar da neman tallafi da Turanci.

Kowace ƙungiya ta zaɓi masu karatu biyu, har da mace, su koya, su dawo su koya wa saura. Ku fara da ƙaramin aiki, kamar keken ɗinki biyu, ku adana kowane rasit. Wanda ya riƙe amanar kaɗan shi ake ba mai yawa.

A yi hattara: duk wanda ya ce sai kun biya kafin a ba ku tallafi, ɗan damfara ne. Ku sanar da ofishin sansani.

Allah ya mayar da mu gida lafiya.