Gottfried Silbermann, Maƙerin Ogan na Jamus

A garin Freiberg na jihar Saksoni a Jamus akwai ogan, wato babban abin kiɗan coci mai busa da iska, wanda aka kammala a 1714 kuma har gobe ana kaɗa shi. Aikin Gottfried Silbermann ne.

An haife shi a 1683, ya koyi sana'ar wajen yayansa Andreas a Strasbourg, sannan ya dawo gida ya kafa maƙerarsa. Ogan ɗin nan na Freiberg bututunsa sun haura 2,000. Mafi yawansu sai an narka kuza da dalma, an shimfiɗa, an naɗe, sannan maƙeri ya kasa kunne yana gyara bakin bututun har muryarsa ta zauna daidai. A ganina nan gwanintarsa take, a kunne.

Shahararren mawaƙi Bach ya kaɗa wanda Silbermann ya ƙera wa cocin Frauenkirche ta Dresden a 1736. Abin takaici, wannan ya ƙone ƙurmus a ruwan bama-baman 1945. Na cocin Hofkirche kuwa, wanda almajirinsa Hildebrandt ya ƙarasa bayan rasuwar Silbermann a 1753, bututunsa sun tsira, domin an kwashe su an ɓoye tun 1944.