Takarda Ko Hali: Wa Za Ka Ɗauka Aiki?

(Jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na sashen raya karkara ya gabatar a taron bita na matasa masu sababbin sana'o'i)

 

Da yawa a cikinku kun fara sana'a ku kaɗai. Wani da injin niƙa, wata da keken ɗinki, wani da kaji hamsin a bayan gida, wani kuma da na'urar POS a bakin kasuwa. Yanzu aiki ya fara yi muku yawa, kuna neman mai taimako. Wannan abin godiya ne. Amma a shekarun da na yi ina zagaya ƙungiyoyin adashe da masu ƙananan sana'o'i, na ga sana'ar da ta tsira daga tsadar kaya da rashin wuta, sai ga shi mutum ɗaya da aka ɗauka aiki ya kashe ta. Don haka maganata a yau guda ɗaya ce: mutanen farko da ka ɗauka, halinsu shi zai zama halin sana'arka.

Darasi daga Amurka

Bari in ba ku labarin wani ɗan kasuwa na Amurka mai suna Tony Hsieh. A shekarar 1996, shi da abokinsa suka kafa wani ɗan kamfanin talla ta intanet mai suna LinkExchange. Da farko abokansu suke ɗauka, da abokan abokai, aiki yana tafiya cikin jin daɗi. Da kamfani ya bunƙasa sai suka shiga ɗaukar duk wanda ya iya aikin, ba tare da duban halinsa ba. Kafin ma'aikata su kai kamar ɗari, wurin ya lalace da son kai da neman matsayi. Shi da kansa ya sha faɗa cewa har ya kai ba ya son tashi da safe ya tafi kamfanin da ya kafa da hannunsa. A 1998 suka sayar wa Microsoft a kan dala miliyan 265. Kuɗi ya samu, amma abin ya tsaya masa a rai.

Daga nan ya zuba jari a Zappos, kamfanin sayar da takalma ta intanet da aka kafa a 1999, ya kuma zama shugabansa. A nan ya yi niyyar ba zai maimaita kuskuren baya ba. Ga abin da suka riƙa yi a zamaninsa.

Mai neman aiki yakan zauna ganawa iri biyu. Ta farko a duba ko ya iya aikin, ta biyu a duba halinsa. In ya faɗi ta biyu, kome gwanintarsa ba za a ɗauke shi ba. Wanda ya zo daga nesa, kamfani kan aika mota ta ɗauko shi daga filin jirgi. Bayan an gama, sai a tambayi direban yadda baƙon ya bi da shi. Wanda ya wulaƙanta direba ya rasa aikin, ko da ya burge manya a ofis.

Kowane sabon ma'aikaci, babba ko ƙarami, sai ya yi horon mako huɗu, har da zaman amsa wayar masu sayen kaya. A cikin horon nan akan yi masa tayi: ga kuɗi, karɓi ka bar aikin yau in ka ga wurin bai dace da kai ba. Tayin ya fara daga dala 100, daga baya ya kai dala 2,000. Kaɗan ne ƙwarai suka karɓa. A 2006 kuma suka rubuta ƙa'idodi goma na zaman kamfanin, bayan sun nemi ra'ayin ma'aikata, tawali'u yana cikinsu. A 2009 Amazon ya sayi Zappos a kan kimanin dala biliyan 1.2.

Ga kuma ɗaya gefen. A Fabrairun 2017, wata injiniya mai suna Susan Fowler ta bayyana wa duniya cin zarafin da ta fuskanta a kamfanin Uber, ta ce da ta kai ƙara an kare mutumin ne don ana ganin gwani ne a aiki. Bincike ya biyo baya, aka sallami mutum sama da 20, a watan Yuni na shekarar kuma shugaban kamfanin, Travis Kalanick, ya sauka. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle in mai gida ne ya rufe ido a kansa.

Abin da ya same ni

Kada ku ce wannan zancen Turawa ne. Wata ƙungiyar manoma da nake taimaka wa ta nemi mai kula da sito. Mutum biyu suka zo. Ɗaya yana da takardu masu kyau da baki mai daɗi. Ɗayar gwauruwa ce, firamare kawai ta gama, amma ta daɗe tana riƙe kuɗin adashen mata ba a taɓa neman kwabo an rasa ba. Ni ne na dage a ɗauki mai takarda, don ni ma ina taƙama da difiloma. Kafin kaka ta zagayo, littafi yana nuna buhunan taki cif, sito kuwa ya yi giɓi. Abin da ya fi yi mini ciwo ba takin ba ne. Yaran nan biyu da ke taya shi lodi, waɗanda da ba su san wannan hanya ba, su ma sun koya. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Daga baya matar aka ba, muka koya mata cika littafin sito cikin 'yan makonni. Lissafi ana koyar da shi. Hali kuwa zanen dutse ne.

Shawarwari biyar

1. Ka bincika kafin ka ɗauka. Kada ka tsaya ga wanda ya kawo shi. Ka tambayi inda ya yi aiki a baya, da maƙwabtansa, da waɗanda suke ƙasa da shi. Ba ka da direba kamar Zappos, amma kana da mai shara da yaron shago. Ka lura da yadda yake yi musu magana.

2. Ka gwada shi da ƙaramin abu. Ka aike shi kasuwa da kuɗin da ya fi kayan, ka ga ko zai kawo canji ba sai an tambaya ba. Ku yi yarjejeniyar gwaji na wata ɗaya ko uku, kana biyansa hakkinsa, kowa yana da 'yancin cewa bai dace ba.

3. Ka tambaye shi kuskuren da ya taɓa yi. Wanda kullum laifin na wani ne, gobe kai ne za ka zama mai laifin.

4. Ka yi hankali da 'yan'uwa. Kawu zai aiko ɗansa, inna za ta kawo 'yarta. Ba laifi ba ne ka ɗauki naka, amma ka tambayi kanka tun farko: in ya ci amana, zan iya sallamarsa? In ba za ka iya ba, ka taimake shi ta wata hanya, kada ka ba shi makullin shago.

5. Kada ka ɗauka cewa hali nagari yana nufin ɗan garinku, ko yarenku, ko wanda kuke sujada tare. Akwai amintattu a kowace ƙabila da kowane addini, akwai kuma maciya amana a cikin namu. Mai gaskiya kake nema, ba mai kama da kai ba.

Kai fa, mai gida?

Ma'aikata ba sa bin abin da aka liƙa a bango, abin da suka ga kana yi suke bi. In kana danna gindin mudu, yaronka ma zai danna maka lissafi. In kana yi wa mai bin ka bashi ƙaryar ba ka nan, ka koya wa yaronka yadda zai yi maka ƙarya. In wata ya ƙare ka riƙe albashinsa kana sayen sabuwar waya, kada ka yi mamakin abin da zai biyo baya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Saboda haka ga aikin gida. Kafin taronmu na gaba, kowa ya zauna da masu taya shi aiki, ko da mutum ɗaya ne, ku rubuta abu uku da ba za a taɓa yi a sana'arku ba, da abu uku da kullum za a yi. Misali: ba ma rage awo, ba ma zagin mai saye, duk kuɗin da ya shigo sai an rubuta. Kai ne za ka fara kiyaye su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sana'arku kuwa yanzu take ɗanya.

 Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku, ya haɗa ku da amintattun abokan aiki, ya kuma mai da kowa gida lafiya.