Idon direba da alƙalamin ɗan sanda: jawabin da aka gabatar a Gudel



Duk mai bin hanyar Tillaberi da dare ya san cewa ba kowane direba ke cikin hayyacinsa ba. Tambayata ita ce: da wane ma'auni ɗan sanda zai gane mashayi a bakin hanya?

Amurkawa suna da dabara guda. Jami'i yana riƙe alƙalami wajen santimita 30 daga hancin direba, ya kai shi dama, ya kai shi hagu, direba yana bin sa da ido ba tare da juya kai ba. Idon mai lafiya yana tafiya sumul. Giya kuwa tana taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe ido, sai ƙwayar ta riƙa fizga, mai ita bai ma sani ba, balle ya ɓoye. Alamu 3 ake nema a kowane ido. In an samu 4 cikin 6, zargi ya tsaya. Binciken da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta sa aka yi a 1977 da 1981 ne ya kafa wannan gwaji, kuma na 1981 ya nuna yana dacewa sau 77 cikin 100.

To, ku ƴan kasuwa kun fi ni lissafi: saura 23. Su wa gwajin zai iya kamawa bisa kuskure? Zabiya, wanda sau da yawa idonsa ke rawa tun yana jariri. Mai farfaɗiya da ke shan gardenal bisa umurnin likita. Mai ciwon cikin kunne. Ba wanda ya kurɓi komai a cikinsu.

Abin da ya fi damuna ma shi ne wanda gwajin ke bari ya wuce. Bisa horon ƴan sandan Amurka kansu, wiwi da ƙwayoyi dangin tramol ba su kawo wannan fizga, alhali a tashoshinmu su ne annobar, fiye da kwalba.

Kuma shaidar duka tana cikin idon jami'i shi kaɗai, a cikin duhu. Wanda ya taɓa ba da na goro a shinge ya san inda wannan ke kaiwa. Saboda haka, ma'aikatan gwamnati da ke zaune a nan, in wata rana takardar shigo da wannan gwaji ta iso teburinku, ku sa sharaɗi: kada a ci tarar direba sai ya busa na'urar auna giya ko likita ya auna jininsa, a rubuta adadin, a ba shi kwafinsa a hannu.