Daga gidan kaso zuwa kotu: me ɗalibin shari'a yake koya?

 

 An ce in yi magana a kan karatun da nake yi a Jami'ar Abdou Moumouni, can Harobanda, wato shari'ar laifuka. Wasunku sun sha tambayata: ɗan makarantar faranko-arab, me ya kai ka ga dokar Nasara? To, ga amsata.

Karatun lisansi shekara 3 ne, masta shekara 2. Littattafai biyu ne ba mu rabuwa da su: kundin hukuncin laifuka da kundin tsarin shari'ar laifuka. Duka biyun a 1961 aka kafa su, shekara ɗaya bayan samun ƴancin kai, kuma an yi ta yi musu gyara. Na farko yana faɗin abin da ake kira laifi da hukuncinsa, ya kasa laifuka gida uku: ƙanana, matsakaita da manya. A gyaran 2003 ne, misali, aka sa bautar da mutum cikin laifukan da doka ke hukuntawa. Na biyu kuwa yana nuna hanyar da ake bi da mutum tun ranar da aka kama shi har ranar da alƙali ya yanke. Wallahi, wannan na biyun shi ya fi shafar talaka.

Bari mu bi hanyar tare. An kama yaron unguwarku, an kai shi komisariya ko wajen jandarma. A laifin yau da kullum, awa 48 doka ta ba su su riƙe shi, sai in mai gabatar da ƙara ya yarda a ƙara lokaci. Ƙa'idar UEMOA ta 2014 ta ce yana da damar samun lauya tun daga kamun. Daga nan sai gaban mai gabatar da ƙara: ko ya sallame shi, ko ya tura shi kotu kai tsaye, ko ya miƙa takardunsa ga alƙali mai bincike. A nan ne ake iya sa hannu a kai shi kaso ya jira shari'a.

Jiran nan shi ne ciwon. Gidan kason Yamai tun zamanin Turawan mulki aka gina shi, kuma mutanen da ke ciki sun ninka adadin da aka gina shi dominsu. Akwai na Kollo, na Say, da na Kutukale mai tsaro mai tsanani. Da yawa daga waɗanda ke kwana a gidajen nan ba a yanke musu hukunci ba tukuna. A idon doka ba su da laifi, amma watanni suna wucewa. Doka ta sa wa jiran iyaka, sai dai wa zai tuna da takardun wanda ba shi da kowa? Mu da muka karanta ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, mun san ba duk wanda ke kurkuku ne mai laifi ba, mun kuma san abin da mantuwa take yi wa ɗaurarre.

Zaman kotu a buɗe yake, kowa na iya shiga ya saurara. Ku je ku gani. Da Faransanci ake shari'a, wanda ake tuhuma kuwa Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci yake ji, sai an yi masa tafinta. Uwarsa tana zaune a baya, ba ta san ko an ɗage zaman ba ne ko an yanke. Ba ta san cewa in bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara, kuma kwanakin yin haka ƙidayayyu ne. Ba ta san cewa tun 2011 doka ta kafa hukumar ANAJJ don taimaka wa marasa hali da shawara da lauya ba. Ba ta san cewa a 2017 an yi dokar aikin amfanin jama'a, wadda za ta iya maye gurbin ɗauri a ƙananan al'amura ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Shi ya sa nake cewa karatun nan bai saɓa wa abin da muka koya a fiƙihu ba. A babin alƙalanci an koya mana cewa mai ƙara shi ke kawo hujja, kuma ba a tsayar da haddi a kan shakka. A aji na sake tarar da su, sai dai da wani harshe. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo bai rubuta Liya'ul Hukkami don nishaɗi ba, ya san al'umma ba ta zama lafiya in babu adalci.

Ƙannena masu shirin bak, maza da mata, ƙasar nan tana bukatar alƙalai, lauyoyi da magatakardan kotu masu jin harshen mutane, masu tsoron Allah, waɗanda ambulan ba ta saye su. Ƙofa a buɗe take: bayan jami'a akwai gasar shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta EFJN.

Ga ƙungiyarmu kuma, shawara biyu. Abincin da ake kai wa ɗaurarru da azumi alheri ne, amma mu riƙa tambaya: wane ne a nan bai ga alƙali ba, tun yaushe? Sannan wanda ya gama wa'adinsa ya dawo unguwa, kada mu juya masa baya. Mu nema masa wajen koyon sana'a, mu matsa masa a sahu.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya fitar da duk wanda aka zalunta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.